Daga Bakin Allura Zuwa Lasifika: Fashin Baƙi Kan Saita Garmaho, Wutar da Yake Ci da Akwatin Fono

Wani abokina ya gaji garmaho daga kawunsa wanda ya yi karatu a Amurka, irin mai tsadar nan da aka ƙera gangar jikinsa da katako mai nauyi, tare da faya-faye da suka cika kwali uku. Da yake ya san wutar Amurka volt 120 ce, tamu kuwa 230, sai ya sayi ƙaramar taransifoma mai rage wuta, ya jona, ya ɗora faifai, ya sauke allura. Muryar da ta fito daga lasifika ta zo a kasalance, ta yi kauri, tana jan ƙafa, kai ka ce mawaƙin bai gama warwarewa daga zazzaɓi ba. Ya sauya allura bai ji canji ba, ya aro wasu lasifikoki bai ji canji ba, har ya fara tambayar kuɗin sabuwar amfilifaya, alhali ciwon yana wani wuri da taransifomar tasa ba ta isa ta taɓa ba. Injin da ke juya farantin garmahon yana ɗaukar saurinsa ne daga bugun wutar gida. Wutar Amurka tana bugawa sau 60 a sakan, tamu sau 50, saboda haka farantin da ya kamata ya yi zagaye 33 da sulusi a minti sai ya koma yana yin ƙasa da 28.

Halin garmaho ke nan a dukan al'amuransa: abin da ya lalace a farkon hanya, tsakanin faifai da allura da injin da ke juya su, babu na'urar da za ta gyara shi a gaba, iyakacinta ta ƙara masa ƙarfi ya fito fili. Ivor Tiefenbrun, wanda ya kafa kamfanin Linn a Gilasgo ta ƙasar Sikotland a farkon shekarun 1970, da wannan hujja ya yi ta yawo kantunan kayan sauti yana jayayya da masu cewa lasifika ce komai. A lokacin mutane da yawa sun ɗauke shi mai neman kasuwa kawai, amma duk wanda ya fahimci ƙanƙantar abin da allura ke karantawa zai ga maganar tana da tushe. Kuma batun bai tsufa ba, domin a shekarar 2022 an sayar da faifan garmaho miliyan 41 a Amurka, na CD kuwa miliyan 33, karo na farko tun 1987 da garmaho ya sha gaba a yawan adadi.

A kowace fuska ta faifai tsagi ɗaya ne tak, wanda ya faro daga baki ya yi ta naɗewa har kusa da tsakiya. Da za a miƙe tsagin fuskar da ke ɗauke da kiɗan minti 20, da tsawonsa ya haura mita 400, faɗinsa kuwa bai wuce kaurin gashin kai ba. Tsagin yana da bango biyu da suka haɗu a ƙasa, bangon ciki yana ɗauke da sautin lasifikar hagu, na waje yana ɗauke da na dama. Alan Blumlein, injiniyan kamfanin EMI na Ingila, ya yi rajistar wannan dabara tun 1931, amma sai a 1958 faya-fayen da ke amfani da ita suka shiga kasuwa sosai. Bakin allura ɗan ƙwayar lu'ulu'u ne da ke zaune tsakanin bangwayen nan biyu, yana bin kowace lanƙwasa, yana girgiza sau dubbai a sakan, kuma mafi ƙanƙantar lanƙwasar da yake bi ba ta ganuwa ko da madubin ƙara girma na yau da kullum. Inda gizo ke saƙar shi ne, allura ba ta da wayon bambance girgizar da mawaƙi ya bari a tsagi da girgizar da ta fito daga inji, ko daga boris ɗin faranti, ko daga takun mai wucewa a kan daɓe, ko daga lasifikar da ke ɗakin. Duk abin da ya motsa ta, sauti ne a wurinta. Kusan duk kuɗin da ake zubawa a garmaho mai tsada yana tafiya ne wajen hana waɗannan baƙin girgiza isa bakin allura.

Maƙera sun bi hanyoyi uku wajen juya faranti. A shekarun 1950 tayar roba ce ke shiga tsakanin inji da faranti, kamar a Garrard 301 da gidajen rediyo suka yi ta amfani da shi. Tana da ƙarfin ja, amma tana iya ɗauko gurnanin inji ta kai shi ga allura. Daga baya aka koma ga bel na roba, wanda ke shanye yawancin girgizar inji kafin ta isa faranti. Edgar Villchur na kamfanin Acoustic Research ya ƙara wata hikima a 1961, ya rataye faranti da hannun allura a kan sifirin guda uku domin su rabu da gangar jiki, kuma wannan tsari ne Thorens TD 150 da Linn Sondek LP12 suka gada. Hanya ta uku daga Japan ta fito, inda Technics ya fitar da SP-10 a 1970 da SL-1200 a 1972, waɗanda farantinsu ke zaune kai tsaye a kan inji babu bel babu taya. Masoya garmaho sun shafe shekaru suna musu kan wace ce ta fi, ni kuwa a ganina kyan ƙira ya fi nau'in hanya muhimmanci. Sai dai ga mai zaune a inda wuta ba ta da tabbas, garmahon da ke ɗaukar saurinsa daga ƙwayar kwaz, irin wadda ke cikin agogon hannu, kamar SL-1200MK2 na 1979, yana da fifiko na zahiri, domin bai damu da yadda wutar gida ke bugawa ba.

A nan ne ya kamata a tsaya a bambance abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Idan aka ce akwatin wuta na garmaho, ana iya nufin wanda ke ciyar da injin juyawa, ana kuma iya nufin wanda ke ciyar da akwatin fono, wato na'urar da ke ƙara ƙarfin 'yar wutar da allura ke samarwa kafin ta isa amfilifaya. Na farko aikinsa tsare lokaci ne, na biyu aikinsa tsare shiru ne, kuma wanda ya sayi ɗaya yana jiran amfanin ɗayan zai yi asarar kuɗinsa.

Yawancin garmaho masu bel na Ingila da Turai suna amfani da injin da saurinsa ke ɗaure da bugun wuta. Irin wanda aka fi sani yana yin zagaye 250 a minti idan wuta na bugawa sau 50, ya yi 300 idan tana bugawa sau 60, sannan girman fuli, wato ɗan gargaren da bel ke hawa a kan inji, shi ke rage wannan sauri zuwa 33 da sulusi a faranti. Ƙarfin wuta ba shi ke tsayar da saurin ba, kuma shi ya sa sitabilaiza ko taransifoma mai rage wuta ba su da abin da za su yi a kai, domin volt suke gyarawa, bugu kuwa yadda ya shigo haka yake fita. A ƙasashen da bugun wuta ba ya kaucewa sosai wannan tsari ya wadatar. A wurinmu kuwa, inda bugun wutar gwamnati ke hawa da sauka, kuma rabin sauraron ana yin sa ne da janareta, lamarin ya sha bamban. Ƙaramin janareta mai fetur sai ya yi zagaye 3,000 a minti kafin ya ba da bugu 50, kuma da zarar firji ko injin jan ruwa ya tashi, sai ya ɗan durƙusa kafin ya miƙe, farantin garmaho kuma ya durƙusa tare da shi. Tazarar sauti tsakanin maɓallai biyu maƙwabta a kan fiyano kusan kashi 6 cikin 100 ce, saboda haka idan bugun wuta ya tashi daga 50 zuwa 51, kiɗa ya hau da kusan sulusin wannan tazara. Kunne yana iya yafe kuskuren da ya tsaya wuri ɗaya, amma ba ya yafe wanda ke lilo. Mai sauraro ya sa faifan da mai goge ko mai algaita ya ja sauti ɗaya ya riƙe shi, zai ji sautin yana rawa kamar inuwa a kan ruwa, alhali makaɗin bai yi haka ba.

Akwatin wutar inji na kirki yana watsi da bugun wutar gida gaba ɗaya. Yana karɓar wutar, ya mayar da ita miƙaƙƙiya irin ta batir, sannan ya ƙirƙiri sabon bugu nasa na kansa daga ƙwayar kwaz. Linn ya yi haka da Valhalla a 1982, sannan da Lingo a 1990, kafin a 2009 ya fitar da Radikal wanda ya koma ga injin wuta miƙaƙƙiya tare da ɗan idon da ke lura da saurin faranti yana gyarawa. Amfanin irin wannan akwati bai tsaya ga sauri ba. Injin yana da naɗin waya biyu da ke buƙatar bugu biyu, ɗaya yana bin bayan ɗaya da rubu'in zagaye daidai. A garmaho mai araha kafasita ɗaya, wato ɗan abin da ke ajiye wuta ya sake ta, ita ce ke samar da wannan jinkiri, kuma ba ta cika yin daidai ba, sai injin ya riƙa tafiya yana ɗan karkarwa. Akwati mai kyau yana samar da bugun biyu daban-daban a daidai inda ya kamata, wasu kuma suna rage ƙarfin wuta bayan faranti ya kai saurinsa, domin abin da ake buƙata wajen tayar da faranti mai nauyi ya fi wanda ake buƙata wajen riƙe shi. Wanda ya ɗora yatsa a jikin inji kafin sa akwatin da bayan sa shi zai ji bambancin a fatarsa. Ƙari a kan haka, sauya sauri zuwa 45 ya zama danna maɓalli kawai, akwatin ya ɗaga bugu daga 50 zuwa 67 da rabi, babu buƙatar cire faranti a matsar da bel. Abokin nan nawa da irin wannan akwati ya warware matsalarsa, wanda ke ba da bugu 60 a volt ɗin da injinsa ke so. Da ya samu fulin da aka yanka domin bugu 50 shi ma da ya gyara saurin, amma da bai raba shi da lilon janareta ba.

Akwai wani tarko a wajen awon sauri da ya kamata a sani. Ana sayar da ɗan faifan takarda mai layuka, wanda idan aka haska shi da ƙwan lantarki layukan ke bayyana a tsaye matuƙar saurin ya yi daidai. To, idan ƙwan da inji duka daga wutar gida ɗaya suke sha, duk inda bugu ya karkata tare suke karkata, layukan kuma za su tsaya cik ko da saurin ya kauce. Awo na gaskiya sai da fitila mai batir da ke da nata kwaz, ko da faifan gwaji mai ɗauke da sautin bugu 3,150 a sakan, wanda manhajar waya za ta iya aunawa. Wani lilon kuma ba daga inji yake ba sam, daga faifan ne da aka huda raminsa ba a tsakiya ba, kuma ana gane shi da ganin hannun allura yana kaiwa da komowa a kowane zagaye.

Kafin a kai ga sayen kowane akwati, akwai aikin da ba ya cin kuɗi sai haƙuri, wato saiti. Farkonsa mazauni. Garmaho yana son wuri mai ƙarfi da ba ya rawa, nesa da lasifika, kuma a daidaita shi da ma'aunin nan mai ɗigon ruwa da magina ke amfani da shi, a ɗora ma'aunin a kan farantin kansa. Ɗakin da ke da daɓen siminti ya hutar da mai shi, mai daɓen katako kuwa gara ya kafa kanta a jikin bango.

Daga nan sai zaman allura, wanda shi ne ya fi wahala. Na'urar da ke yanka tsagi a masana'anta a miƙe take tafiya daga baki zuwa tsakiya, hannun garmaho kuwa a kafe yake a gefe ɗaya, yana shatar baka. Saboda haka allura ba za ta taɓa fuskantar tsagi daidai a ko'ina ba, sai a wurare biyu kacal, kuma aikin mai saiti shi ne ya zaɓi waɗannan wurare yadda karkatar da ta rage za ta zama mafi ƙanƙanta. Wani masani mai suna Löfgren ya yi lissafin wannan a 1938, wani kuma mai suna Baerwald ya sake yin sa a 1941, kuma lissafin da ake kira da sunan Baerwald yana sa wuraren biyu a milimita 66 da kusan milimita 121 daga tsakiyar faranti. Wani masanin kuma, Stevenson, a 1966 ya matsar da na ciki kusa da ƙarshen tsagi, kuma yana da dalili: a bakin faifai tsagi yana wucewa ƙarƙashin allura da saurin kusan santimita 50 a sakan, a kusa da tsakiya kuwa bai fi 21 ba, don haka lanƙwasoshin sun fi matsuwa a can, kuma a can ne ake jin muryar mawaƙi tana tsagewa a waƙar ƙarshe. Ana yin wannan saiti da takardar awo da ake sakawa a sandar faranti. Mutum ya kashe inji, ya sassauta ƙusoshi biyun da ke riƙe da kan allura, ya sauke bakinta a kan ɗigon farko, ya duƙa har idonsa ya yi daidai da faranti, ya duba ko siririn sandan da ke ɗauke da lu'ulu'un ya bi layin takarda, ya matsa zuwa ɗigo na biyu, ya dawo, ya yi ta yi har su biyun su yarda. Sandan ake kallo, domin gangar jikin kan allura tana iya zama a miƙe alhali sandan ya ɗan karkace tun daga masana'anta.

Nauyin da allura ke dannawa da shi yawanci tsakanin giram 1 da rabi ne zuwa 2 da rabi, gwargwadon abin da maƙerinta ya rubuta, kuma ana auna shi da ɗan sikeli na musamman a daidai tsayin faifai. Mutane da yawa suna rage nauyin da niyyar tausaya wa faifai, alhali allurar da ba ta zauna da kyau ba tsalle take yi tana dukan bangon tsagi, kuma wannan duka ya fi ɗan ƙarin nauyi ɓarna nesa ba kusa ba. Sannan akwai jan da ke fisgar hannu zuwa tsakiya saboda lanƙwasar kansa, wanda ake sokewa da ɗan zare mai nauyi ko sifirin ko maganaɗisu. Idan sokewar ta gaza, lasifikar dama ce ke fara tsagewa a wurin da kiɗa ya yi ƙarfi. Tsayin gindin hannu ana fara shi ne daga inda hannun ya kwanta daidai da faifai, kuma idan aka duba kan allura ta gaba, kada ya jingina hagu ko dama. Abu na ƙarshe da ake mantawa shi ne dacewar hannu da allura. Sandan allura a cikin roba yake zaune, nauyin hannu kuma yana kansa, su biyun suna da wani bugu da suke lilo a kai, wanda ake so ya faɗa tsakanin 8 da 12 a sakan, sama da tudun faifan da ya lanƙwashe, ƙasa da mafi kaurin sautin kiɗa. Allurar Denon DL-103, wadda aka ƙera a 1962 tare da gidan rediyon NHK na Japan, robarta mai tauri ce, tana son hannu mai nauyi. Shure V15 kuwa mai laushi ce, tana son marar nauyi. Idan aka ga bakin lasifika yana shiga yana fita kamar mai haki alhali ba a jin sautin da ya kai haka, to a binciki wannan haɗi.

Yanzu sai wutar da allura ke samarwa. A cikin kan allura akwai maganaɗisu da naɗin waya, ɗaya yana motsi ɗaya yana tsaye. Idan maganaɗisun ne ke motsi, shi ne nau'in da ake rubuta wa MM, kuma yana ba da kusan kashi 3 zuwa 5 cikin 1,000 na volt ɗaya. Idan naɗin wayar ne ke motsi, shi ne MC, wanda kamfanin Ortofon na Denmak ya yi suna da shi. Abin da ke motsi a cikinsa ya fi sauƙin nauyi, ya fi bin ƙananan lanƙwasoshi, amma wutarsa ba ta wuce kashi ɗaya cikin 10 na ta MM ba. Na'urar CD tana fitar da kusan volt 2. Cike wannan rata shi ne aikin farko na akwatin fono: ya ninka wutar MM sau 100, wato desibel 40 a ma'aunin ƙarfin sauti, ta MC kuma sau 1,000, wato desibel 60.

Aikinsa na biyu ya fi ban sha'awa. Sautin da ke cikin tsagi ba a yanka shi yadda aka kaɗa shi ba. Sauti mai kauri, irin na babbar ganga, yana buƙatar lanƙwasa mai faɗi da za ta cinye fili ta kuma iya wurgar da allura, saboda haka ana rage shi ƙwarai kafin yanka. Siririn sauti kuma ana ƙara shi domin ya rinjayi shuwar da fuskar faifai ke yi. A can ƙasa, wajen bugu 20 a sakan, ragin ya kai kusan desibel 20, a can sama wajen bugu 20,000 ƙarin ma ya kai haka. Akwatin fono yana yin kishiyar wannan daidai wa daida, ya mayar da kauri, ya rage siriri, shuwar kuma ta ragu tare da shi. Bayan da Columbia ya fito da faifai mai dogon zango a 1948, kamfanoni kowa da nasa ma'aunin yake yanka, har sai a 1954 ƙungiyar masana'antun faifai ta Amurka, RIAA, ta tsayar da ma'auni ɗaya mai wuraren juyi uku, a bugu 50 da 500 da 2,122. Wanda ya jona garmaho a ramin CD na amfilifaya zai ji wannan da kunnensa: sautin zai zo can ƙasa-ƙasa, siriri, babu ganga babu nauyi. Akwatin fono mai kyau ba ya kauce wa ma'aunin da fiye da rabin desibel, kuma yawancin abin da ake kira zaƙi ko ɗumin wani akwati, idan aka auna, kaucewa ce daga wannan ma'auni. Ana kuma so ya kasance yana da sarari a sama, domin ƙarcen da ke jikin faifai yana aiko da wuta mai tsini da ta ninka ta kiɗa, kuma akwatin da ya shaƙe da ita yakan mayar da ɗan ƙas ya zama fas.

Kowace allura tana da nauyin lantarki da take so ta tarar a bakin akwatin. MM juriyar lantarki ta ohm 47,000 take so, tare da ɗan ajiyar wuta irin na kafasita, wanda ake aunawa da pF, tsakanin 100 da 200 a mafi yawan lokuta, kuma wayar da ta taso daga garmaho tana cikin lissafin, domin mita ɗaya kawai tana iya cinye kusan 100. Shi ya sa tsawaita wannan waya ke sa siririn sauti ya yi tsini a wani wuri sannan ya faɗi. Idan dole a yi nisa, a ajiye akwatin fono kusa da garmaho, a tsawaita wayar da ke fita daga gare shi. MC kuwa ana fara mata ne da kusan ninki 10 na juriyar naɗinta. Wasu masu MC sun fi son ƙaramar taransifoma mai ɗaga wuta a gaban ramin MM na akwatin fono, domin ba ta cin wuta, ba ta kuma ƙara shuwa irin ta tiransisto. Lissafinta a fili yake: DL-103 tana ba da kashi 3 cikin 10,000 na volt, juriyarta ohm 40, taransifoma mai ninki 10 za ta kai wutar kashi 3 cikin 1,000, ta kuma sa ohm 47,000 su bayyana ga allurar a matsayin 470, wanda ya yi mata daidai.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa wutar da akwatin fono ke ci ta zama abin kula. A bugu 50, wato daidai bugun wutar gidajenmu, ma'aunin RIAA yana ƙara kusan ninki 7 a kan ninkin da aka riga aka yi, saboda haka duk ɗan gurnanin wuta da ya kutsa ta bakin akwatin MC zai fito an ninka shi kusan sau 7,000. Taransifomar wuta tana baza maganaɗisu a kewayenta, wayoyin allura kuma suna tsince shi, kuma wannan ne ya sa manyan akwatunan fono ke zuwa gida biyu, taransifoma a ɗaya, sashen sauti a ɗaya. Wanda ya sayi irin wannan sannan ya ɗora ɗaya a kan ɗaya domin kyan gani ya rushe abin da ya biya kuɗi a kansa. Akwatin wuta mai taransifoma mai nauyi da manyan kafasitoci shi aka fi yarda da shi, amma ban yarda cewa duk mai sauƙin nauyi irin na cajar waya mugu ba ne; wanda aka ƙera da kyau yana yin shiru, na arahar ne ke watsa hayaniya a wayoyin gida. Batir ya fi su duka tsabta, kuma da yake akwatin fono ba ya cin wuta da yawa, akwai maƙeran da suka gina nasu a kan batir kacokan. Mai sola a nan yana da sa'a, matuƙar inbatarsa mai fitar da wuta mai santsi ce, domin idan tana aiki daga batir bugunta ya fi na wutar gwamnati tsayuwa. Inbata mai araha da ke fitar da wuta mai matakala kuwa tana sa taransifoma kuka, ta ɗumama injin juyawa, ta cika lasifika da zuza.

Idan gurnani ya bayyana, a bi shi a hankali. A fara da siririyar wayar ƙasa da ke fitowa daga garmaho, a tabbata an ɗaure ta a ƙusarta da ke bayan akwatin fono. A raba wayoyin sauti da na wuta, inda dole su haɗu su gitta juna. A matsar da akwatin taku ɗaya ko biyu a saurara. A ɗaga hannun allura a kai shi wajen tsakiya inji yana aiki. Idan gurnanin ya ƙaru, daga injin yake. Abin da nake roƙon kowa kada ya yi shi ne cire ƙafar ƙasa ta fulogi domin kashe gurnani, domin wannan ƙafa ita ke tsakanin mutum da jan wuta ranar da wani abu ya lalace a cikin na'ura.

Yanayinmu ma yana da nasa haraji. Ƙurar hunturu tana kwanciya a tsagi ta zama kamar yashi a ƙarƙashin lu'ulu'u, busasshiyar iska kuma tana sa faifai ya riƙa jan ƙurar da kansa yana tartsatsi. Buroshi mai laushi kafin kowane sauraro, da wanke faifai da tataccen ruwa lokaci-lokaci, da jera su a tsaye nesa da rana da zafin kwano, sun fi waya mai tsada tasiri a kan abin da kunne zai ji. Wanda ya gaji tsofaffin faya-faye masu zagaye 78 kuma ya sani tsaginsu ya fi faɗi, allurarsu daban ce, kuma an yanka yawancinsu kafin ma'aunin RIAA.

Da za a tambaye ni inda kuɗi ya kamata su fara zuwa, sai in ce sikeli da takardar awo da buroshi, sannan akwatin wutar inji ga mai garmaho mai bel da ke fama da janareta, sannan akwatin fono da ya dace da allurar da ake da ita, wayoyi masu tsada kuwa su jira. Kuma a cikin kasafin a ware na sabuwar allura tun yanzu, domin lu'ulu'u ma yana cinyewa. Yawanci bayan awa 500 zuwa 1,000 na aiki, gwargwadon yankan bakinta da tsabtar faya-fayen, gefenta yakan yi kaifi ta fara aske bangon tsagin da take bi. A MM ana zare bakin a sa sabo a gida, a MC kuwa sai an mayar da kan gaba ɗaya ga maƙeri ko ga mai gyara, don haka yana da kyau mutum ya ajiye ɗan littafi kusa da garmaho yana rubuta yawan fuskokin da ya saurara, fuska uku awa ɗaya.